Yadda za ka tsare tirelar da kake ja da mota

Malam, ka ce ƙaramar tirelarka ta ɗaukar rumfuna da kujerun haya a ƙofar gida take kwana a Kawo, kana fargabar a wayi gari babu ita. Da gaskiyarka, domin ɓarawo maƙala ta kawai zai yi a bayan motarsa ya ja.

Fara da bakin da ake maƙalawa. Je kasuwar Panteka ta Kaduna, mai walda ya haɗa maka murfin ƙarfe, kwaɗon ya shige ciki yadda zarto ba zai kai gare shi ba. Ni na taɓa sa kwaɗo mai araha, da asuba na tsince shi a ƙasa a karye. Sarƙar da na zura ta cikin taya na ɗaure a turken ƙarfe ce ta cece ni.

Juya bakin ya kalli bango, ba titi ba. In za ta kwana biyu ba aiki, cire taya ɗaya ka shigar gida.

Na'urar bin sawu kuwa, wadda ke nuna inda tirelar take, bar wa mai wayarin mota ya ɓoye ta a jikin tirelar. In ƙaddara ta faɗa, kai wa 'yan sanda hotunan tirelar, kada ka bi ɓarayin kai kaɗai.