Filin Tambayoyin Manoma: Kabewa Na Zubar Da Fure, Seleri Ya Ƙi Tsira

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki. Ni matashi ne daga Daura, na kafa ɗan girin haus na leda da raga a bayan gida, a watan Afrilu na shuka kabewa da seleri (wani ganye mai kaurin kara da ƙamshi da ake sa wa a miya) tare. Kabewar ta yi yaɗo sosai tana ta fure amma sai ya zube ba ɗa ko ɗaya, shi kuma selerin wallahi ko tsira bai yi ba. Iri ne ba kyau ko me? Kuma in Allah ya sa na samu ya zan adana su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Toh kar ka yi saurin ɗora wa mai iri laifi, ka haɗa abu biyu ne da ba sa shan inuwa ɗaya, kabewa zafi take so shi kuwa seleri ɗan sanyi ne.

Ita kabewa fure biyu gare ta a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace. Macen za ka ga ɗan ƙwallo a gindinta kamar ƙaramar kabewa, namijin kuwa siririn kara ne kawai. A gona ƙudan zuma ne ke kwasar garin da ke tsakiyar furen namijin ya kai wa macen, kai kuma ka rufe ko'ina da raga, to ta ina zai shiga? Dole aikin ya dawo kanka. Bayan sallar asuba da gari ya waye, kafin rana ta ɗaga don zuwa hantsi furen ya fara rufewa, sai ka tsinki namijin ka cire masa ganyen furen ka goga tsakiyarsa a tsakiyar macen a hankali, namiji ɗaya ya isa mace biyu ko uku. Kuma farkon fure yawanci maza ne zalla, zubewarsu ba ciwo ba ne.

Seleri kam a Afrilu ai ka zalunce shi, lokacin da Katsina da Daura zafi ke kai digiri 40, balle cikin leda. Shi tsakanin digiri 15 zuwa 21 ya fi so, shi ya sa ya fi karɓuwa wajen su Jos. Ka bari sai Oktoba ko Nuwamba ka yi reno don ya ci hunturu. Irin ƙanana ne ƙwarai, barbaɗawa ake a saman ƙasa a ɗan danna, ba a binnewa don yana son haske, sai sati biyu zuwa uku kafin ya tsira, sai kuma kamar wata biyu kafin dashe. Saiwarsa ba ta nisa, in ka bar shi da ƙishi ko na kwana biyu ne zai yi ɗaci da zare-zare. Ni dai da zan ba ka shawara, ka ba seleri girin haus ɗin da sanyi, kabewa ka kai ta fili da damina, ai kakanninmu ba su san leda ba kuma miyar taushe ba ta yanke ba.

Maganar ajiya ma hannun riga suke. Kabewa ka bari ta ƙosa har farce ya kasa huda ɓawon, ka yanke ta da ɗan karanta, kar ka ɗauke ta da shi don in ya ɓalle ta nan ruɓa ke shiga. Ka shanya ta kamar kwana 10 inda iska ke kaɗawa, sannan ka jera a kan katako cikin ɗaki busasshe, kar su taɓa juna, za ta yi watanni. Seleri kuwa danshi da sanyi yake nema, a firij cikin leda zai kai sati biyu, in wuta na wasa da ku sai ka sa ƙaramar tukunya cikin babba ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi ka sa selerin a cikin ƙaramar ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, zai ɗan yi kwanaki. Ganyen da ya rage ka shanya a inuwa ka daka, ana zuba shi a miya.