Fatawa: Shin sukar ɗan ƙwallo a majalisa giba ce?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne, kuma tun ina yaro nake goyon bayan Manchester United. Muna da majalisa a ƙofar wani gidan kallo, bayan isha'i hirarmu ba ta wuce ta ƙwallo. A shekara biyu da rabi da Antony ya yi yana buga mana gefen dama, babu wanda ya kai ni sukarsa. Nakan ce asarar kuɗi ne, ƙafa ɗaya gare shi, yau fari gobe tsumma, ba abin da ya iya sai juyi kamar fanka. Har hotunansa na ba'a nake turawa a WhatsApp. Da ya koma Real Betis ya dawo tashe, sai wani abokinmu mai zuwa karatu ya ce duk abin da na yi giba ce, naman mutum na ci, kuma sai na biya ranar ƙiyama. Na ce masa ai wasansa nake suka, shi ba Musulmi ba ne, bai ma san da zamana a duniya ba. Haka kuma muke yi wa 'yan wasan gefe na Super Eagles in sun ɓata mana rai, cikinsu har da Musulmi. Malam, mene ne hukuncin?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, maganganun da ka jero ba hukuncinsu ɗaya ba. Akwai wanda babu laifi a cikinsa, akwai wanda abokinka ya yi gaskiya a kansa.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai ko sun san mece ce giba, sannan ya ce ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Aka ce, to in abin da na faɗa yana tare da shi fa? Ya ce in yana tare da shi ka yi gibarsa, in kuwa babu to ka yi masa ƙage. Wanda ya tsaya a kan zahirin wannan lafazi zai ce duk suka giba ce, domin babu ɗan wasan da yake son a ce bai taka rawar kirki ba. Nan abokinka ya tsaya. Sai dai malamai ba su fahimci hadisin da wannan faɗin ba. Imamu Nawawi ya kawo wurare shida da ake ambaton mutum a bayan idonsa ba tare da zunubi ba, kamar kai ƙara, neman fatawa, gargaɗi da nasiha, da siffanta mutum da laƙabin da ba a gane shi sai da shi. Fatima bint Ƙais ta nemi shawara a kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) ya gaya mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, alhali babu ɗayansu a wurin.

Ba zan yaudare ka in ce hirar ƙofar gidan kallo ta kai matsayin shawarar aure ba. Ba ta kai ba, kuma ba ta shiga ɗaya daga shidan nan kai tsaye. Abin da ya sa nake ganin halaccinta wani abu ne daban. Giba tona abin da mutum yake son a rufe ne, ko taɓa mutuncinsa. Shi kuwa ɗan ƙwallo da kansa ya fito da aikinsa fili, gaban dubban mutane da na'urorin ɗaukar hoto, ana biyansa a kan haka, kuma ya shiga sana'ar ne da sanin cewa yabo da suka suna cikinta. Tela da ya rataye riga a ƙofar shago, in mai wucewa ya ce wuyan ya karkace, ba asirinsa ya tona ba. Auna bajintar mutane a fage kuwa abu ne sananne tun zamanin farko. A hadisin Salama ɗan Akwa'u cikin Muslim, bayan an ƙwato raƙuman da aka kora, Annabi (SAW) ya ce mafi alherin mahayanmu a yau Abu Ƙatada, mafi alherin dakarunmu na ƙasa Salama. Lura da kalmar "a yau". Bajintar wannan rana aka auna, ba a yanke wa kowa hukuncin rayuwarsa ba.

Mu ɗauki kalmominka. "Ƙafa ɗaya gare shi": in nufinka da hagu ya dogara, yana yankowa ciki daga dama har 'yan baya suka haddace shi, wannan bayanin wasa ne, ba komai. "Yau fari gobe tsumma" ma haka, in dai abin da ido ya gani ne. Mutumin ya zura ƙwallo a wasanninsa uku na farko a gasar Firimiya a 2022, sannan a kakar 2023/2024 gaba ɗaya ƙwallo ɗaya tak ya ci a gasar. Wanda ya faɗi wannan bai zalunce shi ba. "Asarar kuɗi" ra'ayi ne a kan ciniki, kuma Yuro miliyan 95 da United ta ba tsohuwar ƙungiyarsa Ajax don sayensa ba ƙaramin kuɗi ba ne, sai dai ka tuna ba shi ya sa wa kansa farashi ba. In akwai wanda za a tuhuma da wauta a ciniki, mai saye ne.

Inda ka fara zamewa shi ne "ba abin da ya iya". Wannan ba gaskiya ba ce, kai ma ka sani. Wanda ya ci lambar zinare da Brazil a wasannin Olamfik na Tokyo, ya je gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a 2022, ba za a ce bai iya komai ba. Za ka ce ai salon magana ne, kowa ya san ƙari ake yi. Na yarda akwai ƙarin da al'ada ta san ba haƙiƙa ake nufi ba, kuma ba a kama mutum da shi. Amma idan ƙarin ya zama shi ne abincin majalisa kullum, har mutum ya kasa buɗe baki ya ce "yau kam ya yi ƙoƙari" ranar da ya yi ɗin, to an bar salon magana an shiga rashin adalci. Allah yana cewa a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, ku yi adalci, shi ne mafi kusa da taƙawa. Ayar a kan abokan gaba na gaske ta yi magana, ina ga yaron da laifinsa kawai ya ɓarar da ƙwallo.

Ni ba ma'abocin kallo ba ne, amma samarin gida ba sa barin kunnena ya huta, kuma abin da na fahimta shi ne babu gurbin da hawa da sauka suka yi wa yawa kamar gefe. Aikin ɗan gefe kasada ne. Ana so ya tunkari ɗan baya ya yanke shi, kuma ko gwanin gwanaye yakan rasa ƙwallon sau da yawa kafin ɗaya ta yi kyau. Wasansa ya rataya a kan wanda ke bayansa, da tsarin koci, da lafiyar cinyarsa, da kwanciyar hankalinsa. Ga misali a gida. Ahmed Musa ya je Leicester a 2016 bai samu karɓuwa ba, har aka mayar da shi CSKA Moscow aro a farkon 2018, mutane da yawa suka ce ya ƙare. A watan Yunin 2018 ɗin ya zura wa Iceland biyu a gasar duniya ta Rasha, waɗanda suka binne shi jiya su ne suka fi kowa ihu. Antony ɗinka ma da Betis ta karɓe shi aro a Janairun 2025, da shi ta kai wasan ƙarshe na kofin Conference, inda Chelsea ta doke ta. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) yana da taguwa mai suna Adba'u da ba a taɓa tsere mata ba, sai wani balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Musulmi ciwo, kamar yadda yake yi muku in an ci ku. Sai Annabi (SAW) ya ce haƙƙi ne a kan Allah, ba ya ɗaukaka wani abu na duniya face ya sauke shi. Mai neman ɗan wasan da zai yi tashe kowane mako har abada yana neman abin da ba a halitta ba.

Hotunan ba'a su ne mafi nauyi a cikin tambayarka. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana aibata juna da jifa da miyagun laƙabobi. A yi dariya lokacin da ɗan wasa ya yi juyi ya tura ƙwallo waje, wannan abin da ya faru ne, mai sauƙi ne. Amma a ɗauki fuskar mutum a liƙa wa dabba, ko a riƙa kiransa gwarzon duniya cikin gatse don a mayar da shi abin wasan yara, ko a taɓa tsawonsa, haƙoransa, launin fatarsa, talaucin unguwar da ya taso, wannan ya bar ƙwallo ya koma kan halitta da mutunci, kuma haramun ne. Nana A'isha ta yi nuni da gajartar Safiyya kawai, Annabi (SAW) ya ce ta faɗi kalmar da in an cakuɗa ta da ruwan teku sai ta gurɓata shi. Sahabbai sun yi dariyar sirantar ƙwaurin Ibn Mas'ud, Annabi (SAW) ya ce ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani.

Daidai da wannan a muni, ko fiye, shi ne shiga zuciyar ɗan wasa: ya sayar da wasa, da gangan ya zubar da fenareti, ya rage shekaru, kuɗi ya ba koci aka gayyace shi. Waɗannan ake yawan jefa wa 'yan Super Eagles, kuma mai faɗa ba shi da hujja sai "an ce". In ƙarya ne ƙage ne, in ma ya dace da gaskiya ka faɗi abin da ba ka da ilimi a kansa, kuma aya ta 36 a Suratul Isra'i ta hana.

Batun cewa ba Musulmi ba ne: gaskiya ne ayar giba da hadisinta ɗan'uwa suka ambata, shi ya sa malamai suka yi saɓani a kan ko za a kira ambaton wanda ba Musulmi ba da sunan giba. Da yawa sun hana a cutar da wanda ke zaman amana da Musulmi ko da da harshe ne. Amma ko ka bi ra'ayi mafi sauƙi, abin da zai faɗi sunan giba ne kawai. Ƙarya, ƙage, izgili da halittar Allah da zalunci ba su halatta a kan kowa ba. Shi kuwa ɗan wasa Musulmi, hukuncin giba yana kansa cikakke, shahara ba ta cire masa hurumi.

Cewa bai san da zamanka ba, mala'ikun da ke rubutu sun sani. Kuma zamanin da magana take mutuwa a kan benci ya wuce. Abin da ka tura yana bin wayoyi har ya isa. 'Yan wasan Ingila Saka da Rashford da Sancho sun zubar da fenareti a wasan ƙarshe na kofin Turai a Wembley a Yulin 2021, cikin daren aka cika shafukansu da zagin wariyar launin fata. Mu baƙar fata mukan ji zafin wannan, sai kuma mu yi irinsa ga namu. Bayan Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024, zagin da aka yi wa Alex Iwobi ya kai ya goge hotunan shafinsa na Instagram, sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito yana roƙon a daina. Kowane mai zagi a cikinsu yana ganin nasa saƙon ɗaya ne kawai.

Abu guda ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Wani ɓangare na zagi mai zafi da ake yi wa 'yan wasa yanzu daga masu caca yake fitowa, wanda aka yanka wa tikiti, wato wasan ya sa ya faɗi cacarsa. In akwai wannan a majalisarku, to shi ne babban zunubin, haramcinsa nassi ne a Ma'ida aya ta 90, ba ya buƙatar dogon bincike. Haka musun da yake kai wa ga gaba ko zagin iyaye tsakanin ɗan United da ɗan Arsenal, da wasan da yake cinye sallar magariba. Abu Dawud ya ruwaito alkawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ke da gaskiya.

Game da abin da ya wuce: sukar wasa da ka yi da gaskiya ba ta buƙatar tuba, ko da yake hira ce da ba lada a cikinta, kada ta cinye maka dare. Izgili da ƙarin da ya zama ƙarya, su ne za ka yi nadama ka nemi gafarar Allah a kansu. Ba sai ka nemi Antony ka sanar da shi ba. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun rinjayar da cewa wanda maganar ba ta kai masa ba, ba a sanar da shi, ana yi masa addu'a ne a kuma ambace shi da alheri a wuraren da aka ɓata shi. Musulmi ka nema masa gafara, wanda ba Musulmi ba ka roƙa masa shiriya. Ka goge hotunan daga wayarka, in an turo maka kada ka tura gaba, kuma a majalisar nan da ka ce bai iya komai ba, ka faɗi abin da ya iya. Abokinka kuma ka gode masa, ka ce Malam ya ce ya sassauta, kada ya haramta wa mutane cewa kuros bai yi kyau ba.

Allah ne Mafi sani.