Amsa: yadda saƙo ke tafiya a asirce

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda mutum biyu ke aika sirri ta intanet ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Ɗauki kwaɗon rufe shago. Kana Maraɗi, abokin cinikinka yana Katsina. Ka aika masa kwaɗo a buɗe, mabuɗin yana aljihunka. Ya saka takarda a akwati, ya danna kwaɗon. Direban da ya ɗauko akwatin ta garin Ɗan Isa, har ma shi mai rufewar, ba mai iya buɗewa sai kai.

A intanet, kwaɗon nan lissafi ne. Masana Diffie da Hellman suka bayyana dabarar a 1976, wata hanyar aiki da ita mai suna RSA ta biyo a 1977: ninka manyan lambobi biyu marasa rabuwa (waɗanda ba lambar da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu) ba wuya, amma gano su daga sakamakon, ko kwamfuta sai ta tsufa. Sakamakon shi ne kwaɗon, lambobin biyu su ne mabuɗin. Wanda ya ari wayarka a buɗe kuwa, ba ruwan lissafi da shi.