Ki gama makaranta, ni zan koya miki yanka

'Yata, kin tambaye ni ko ki ajiye makaranta daga aji uku na ƙaramar sakandare, ki riƙa wuni a shagon ɗinkina kamar yaran nan maza, tunda hannunki ya fara faɗawa. Ban yarda ba, kuma dalilina yana kan teburin yankan nan.

Taka keke kowa na iya koya cikin 'yan watanni. Abin da ke mayar da mutum tela shi ne yanka, yanka kuwa lissafi ne. Mace ta zo, ƙirjinta inci 38. Ki raba huɗu, tara da rabi ke nan, ki ƙara abin da ɗinki zai ci, sannan ki sa alli. Yadi ɗaya inci 36 ne, turmin atamfa yadi shida, a ciki za ki fitar da riga da zani da ɗankwali, kina lura kada furen ya kife a hannu ɗaya. In kika kuskure rabin inci a leshin da uwar amarya ta sayo a kasuwar Balogun, almakashi ba ya mayar da abin da ya ci. A nan Agege na san matan da suka fi maza tsaftar ɗinki nesa ba kusa ba, amma shekara da shekaru suna kan kalmasa da sa maɓalli, don ba su iya rubuta awo da raba shi ba. Sai wani ya yanka musu, shi kuma ya kwashe kaso mai tsoka. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai, ba na so ki shiga sahunsu.

Ga kuma Legas. Ba Hausawa kaɗai za ki yi wa ɗinki ba. Bayarabiya za ta turo miki awon anko ta WhatsApp da Turanci, ta biya ta banki, ke za ki duba ko kuɗin sun shigo kafin ki miƙa kaya. Gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, da rajistar shago, da neman rance a asusun tallafa wa masu sana'a na LSETF da jihar ta kafa a 2016, dukkansu sai da karatu da rubutu ake yin su.

In nauyin kuɗi ne ke damun gida, makarantar gwamnati kike, ba a biyan kuɗin karatu, har kuɗin WAEC jihar ta saba biya wa ɗalibanta. Zan samu mahaifinki bayan sallar isha'i mu yi maganar.

Ranakun makaranta ki zo bayan la'asar, ki tashi kafin magariba, ko da lokacin ɗinkin sallah ne. Asabar kuwa ki zo da safe da littafi da fensir, mu fara yanka a kan tsohuwar jarida kafin in ba ki yadin mutane.