Da wane ma'auni ake gane makaranta mai inganci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne shugaban kwamitin al'umma mai kula da makarantar sakandaren gwamnati ta garinmu. Shugaban makarantar ya kawo mana takarda daga ofishin shiyya, wadda ake so makaranta ta auna kanta da kanta kafin jami'an duba makarantu su zo, kuma kanmu ya rabu a kan matsayin da za mu ba ta. Wasunmu suna ganin sakamakon WAEC da NECO ya isa hujja, tunda wata makarantar kuɗi da ke kusa da mu ta kafa allo a bakin titi tana cewa duk ɗalibanta sun ci, mu kuwa kusan rabi ne suka samu kiredit biyar. Da me ake auna makaranta, kuma yaya za mu yi wa tamu adalci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba ku ladan wannan hidima. Waɗanda suka riƙe sakamakon jarrabawa suna da hujja, domin da kiredit biyar, ciki har da Turanci, yaro yake neman gurbi a jami'a, kuma makarantar da ba ta damu da wannan ba ta cuci iyaye. Sai dai sakamakon yana nuna inda yaro ya tsaya a ranar fita ne kawai, alhali aikin makaranta shi ne tazarar da ke tsakanin abin da yaron ya shigo da shi da abin da ya fita da shi, tare da yawan yaran da ta iya riƙewa har suka kai ranar fitar.

Bari mu fara da allon bakin titin. Duk lokacin da aka ce kashi kaza cikin ɗari sun ci, tambayar farko ita ce: cikin yara nawa? Ga misali na ƙirƙira domin lissafin ya fito fili. Makaranta ta ɗauki yara 120 a aji ɗaya na babbar sakandare, bayan shekara uku ta yi wa 60 rajistar jarrabawa, 54 suka samu kiredit biyar, sai ta rubuta kashi 90 a allo. Wata kuma ta ɗauki 200, ta kai 180 zauren jarrabawa, 99 suka ci, wato kashi 55. Idan aka koma kan yaran da kowacce ta karɓa tun farko, ta farkon ta fitar da kashi 45 ne, ta biyun kuwa kusan kashi 50. Sauran yara 60 na makarantar farko ba su fito a lissafinta ba, ko dai sun bar karatu, ko an maimaita musu aji, ko an shawarci iyayensu su kai su wata cibiya su rubuta don kada su ɓata wa makaranta suna. Makarantun gwamnati ma ba su kuɓuta daga wannan ba, domin a jihohi irin su Kano, inda ake yin jarrabawar tantancewa kafin gwamnati ta biya wa ɗalibi kuɗin jarrabawar ƙarshe, yaron da bai haye ba kuma iyayensa ba su da halin biya yakan ɓace daga lissafi. Saboda haka ku ɗauko rajistar aji ta shekara uku da suka wuce, ku ajiye ta gefen takardar sakamako, ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, maza daban, mata daban. A wurare da yawa a layin 'yan mata ne za ku ga giɓin ya fi faɗi.

Abu na biyu shi ne irin yaran da makaranta take karɓa. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka buɗe a 1977, sun yi suna da kyakkyawan sakamako, kuma sun cancanci sunan, amma da jarrabawa suke zaɓen ɗalibansu, kamar yadda kwalejojin gwamnatin tarayya suke yi. Makarantarku kuwa duk wanda ya zo daga firamarorin yankinku ita ce za ta karɓe shi. Mai turka da ya sayo ramammen rago ya kiwata shi har ya yi ƙiba ya fi nuna iya kiwo a kan wanda ya sayo ƙosasshe ya mayar da shi kasuwa yadda yake, ko da ragon na biyun ya fi nauyi a ranar sayarwa. Wannan tunani ne ya sa a Ingila, tun daga 2016, suka mayar da babban ma'aunin sakandare ya zama ci gaban da yaro ya samu idan aka kwatanta shi da takwarorinsa da suka bar firamare da irin makinsa. Ku ma kuna iya yin mai kama da wannan a iyakar makarantarku. Sakamakon jarrabawar kammala ƙaramar sakandare yana nan a ofishin shugaban makaranta, ana iya haɗa shi da sakamakon ƙarshe na kowane yaro, a ga waɗanda suka shigo da rauni ko sun ɗago, a kuma ga masu ƙoƙarin ko sun riƙe matsayinsu.

Ga 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, gwajin da na fi amincewa da shi ba ya cin kuɗi. A makon farko na zango, malami ya zauna da yaro shi kaɗai, ya miƙa masa gajeren labari da Hausa, wani kuma da Turanci, ya duba agogo, ya ƙirga kalmomin da yaron ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sannan ya yi masa tambayoyi kaɗan a kan abin da ya karanta. Nan take za a ga mai karatu tiryan-tiryan, da mai bin baƙi da yatsa yana haɗa gaɓoɓi, da wanda zai zura wa takardar ido ya yi shiru. Da irin wannan gwaji aka auna yaran firamare a Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, a ƙarƙashin wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta tallafa, aka kuma gano cewa mafi yawan 'yan ƙananan azuzuwan da aka gwada ba sa iya karanta ko da kalma ɗaya ta Hausa. Irin waɗannan yara suna hawa aji kowace shekara har su iso ƙofarku. Idan makarantarku ta karɓi yaron da bai iya karatu ba ta mayar da shi mai karatu cikin shekara guda, ta yi babban aiki wanda ba zai taɓa fitowa a allon bakin titi ba, kuma ba za ku iya nuna wa jami'in duba makarantu wannan aikin ba sai kun ajiye makin shiga da na ƙarshen shekara a rubuce.

Akwai kuma maganar satar amsa, wadda ba na zargin maƙwabtanku da ita tunda ban san su ba, amma duk mai auna makarantu a Najeriya dole ya yi la'akari da ita. Hanyar bincike ita ce a gwama sakamakon da wasu shaidu. Yaron da bai taɓa cin Lissafi a jarrabawar zango ba, idan ya fito da B2, akwai abin tambaya. Haka nan makarantar da kowa ya samu kiredit takwas amma aka rasa masu makin kirki a JAMB, wadda ake rubutawa a kwamfuta a wata cibiya daban tun 2015. Ku kuma duba sakamakon shekara uku a jere, domin a ajin yara 20 faɗuwar yaro ɗaya kashi biyar ce, kuma shekara guda tana iya hawa ko sauka ba tare da wani abu ya sauya a koyarwa ba.

Takardar da aka kawo muku ta fito ne daga tsarin da ya maye gurbin tsohon salon sufeto. Gwamnatin tarayya ta kafa sashen duba makarantu a 1973, daga baya aka sauya masa fasali zuwa sashen tabbatar da ingancin ilimi, jihohi kuma suka bi sahu. A sabon tsarin makaranta ce take fara auna kanta, sannan jami'ai daga waje su zo su gwada maganarta da abin da suka gani. Fannonin da ake dubawa sun haɗa da nasarar ɗalibai, da tarbiyyarsu da yadda suke shiga harkokin makaranta, da ingancin koyo da koyarwa, da manhaja, da kulawa da lafiyar yara da tsaronsu, da muhallin karatu, da shugabanci, kuma kowane fanni ana ba shi matsayi cikin matakai biyar, daga mafi kyau zuwa mafi rauni. Kun ga ke nan jarrabawa ɓangare ce ta fanni ɗaya kawai.

Cikin waɗannan fannoni, wanda na fi so kwamitinku ya ba lokaci shi ne koyarwa, kuma ba sai kun zama malamai za ku iya duba shi ba. Littafin sa hannun malamai yana nuna wanda ya shigo harabar makaranta ne, ba ya nuna wanda ya shiga aji. Mutum biyu daga cikinku su je ba tare da sanarwa ba, sau ɗaya da safe a darasin farko, sau ɗaya bayan tara, su zagaya da jadawalin darussa a hannu, su ƙirga azuzuwan da malami yake ciki yana koyarwa. A sake yin haka ranar kasuwa, da ranar Juma'a, da lokacin shuka da girbi, a ƙirga yaran da ke zaune a gwada da abin da aka rubuta a rajista. Daga nan a karɓi littafin rubutun yaron da ke bencin baya, tunda na gaba galibi su ne malami yake gani. A duba ranar da aka yi aikin ƙarshe, da ranar da jan biro ya taɓa shafin, a ga ko malamin ya gyara kuskure ko kuwa alamar ya gani kawai ya yi. Littafin Lissafin da babu komai a cikinsa sai abin da aka kwafa daga allo yana nufin yaron bai taɓa warware lissafi da kansa ba. Shekara tana da zango uku, kuma idan kowace rana ana asarar darasi biyu cikin takwas, an zubar da rubu'in karatun shekara ba tare da wani ya rubuta shi a ko'ina ba.

Sai kayan aiki da ma'aikata, inda nan ne ya fi sauƙin ƙirgawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare da 40 a babbar sakandare, ta kuma sa takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ga rajista da TRCN, hukumar yi wa malamai rajista da aka kafa a 1993. Amma raba jimillar ɗalibai da jimillar malamai yana ruɗarwa, domin makaranta tana iya samun malamai isassu a takarda alhali babu malamin Fizis ko ɗaya, malamin Lissafi guda kuma yana zagaya azuzuwa goma. Takardar shaida ita ma ba ta tabbatar da iyawa. A Kaduna a 2017, malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai kashi 75 ba a gwajin da aka ɗauko daga karatun aji huɗu, ko da yake ƙungiyar malamai ta ƙalubalanci yadda aka gudanar da gwajin. Ku ƙirga kujeru, da littattafai, da ruwan sha, da katanga, da banɗakin 'yan mata mai ƙofa da ruwa, wanda rashinsa yakan hana budurwa zuwa makaranta kwanaki a kowane wata. Sai dai a nan a yi hattara wajen ɗora laifi, saboda shugaban makarantar gwamnati ba shi yake ɗaukar malamai ba, ba shi yake gina aji ba. Abin da za a tambaye shi shi ne yadda ya yi amfani da abin da ke hannunsa: ko yana shiga aji ya ga koyarwa, ko yana bibiyar malami mai fashi, ko ya rubuta wa hukuma a kan giɓin da ke akwai, ko kuɗin da ke shigowa suna da rasit.

Game da sha'awar da wasunku suke da ita ta jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, ba na goyon baya. Kenya ta dakatar da jera makarantu bisa sakamakon jarrabawar ƙasa a 2014, saboda gasar tana sa makarantu tilasta wa yara maimaita aji da kuma satar amsa. Ingila ma, a watan Satumba na 2024, ta daina ba makarantun gwamnati matsayi guda da kalma ɗaya, ta bar hukunci a kan kowane fanni daban. Duk ma'aunin da aka rataya wa suna da ƙarin girma da kuɗin shiga, mutane za su koyi gyara lambar su bar aikin.

Don haka kada ku fara da matsayin da za ku ba makaranta gaba ɗaya. Ku bi fannonin ɗaya bayan ɗaya, kuma duk matsayin da kuka zaɓa ku rubuta hujjarsa a gefe: azuzuwa nawa aka zagaya, nawa aka samu da malami, littattafai nawa aka buɗe, yara nawa suka shiga, nawa suka fita. Inda babu hujja, ku rubuta cewa ba a auna ba tukuna, domin jami'in da ya san aikinsa ya fi yarda da makarantar da ta ba kanta matsakaicin matsayi da shaidu a kan wadda ta ba kanta mafi girma da baki. Daga cikin raunin da ya bayyana ku zaɓi biyu ko uku da makaranta da kwamiti za su iya gyarawa da kansu, ku sa su a tsarin bunƙasa makaranta da sunan wanda zai bi kowanne, sauran kuma irin su ƙarancin malamai da gini ku rubuta su a wasiƙa zuwa ofishin shiyya, ku ajiye kwafi a fayil ɗin kwamiti.