Gidan gona kafin damina

Tambaya: Malam, a Birni nake zaune cikin Damagaram, amma ina da gidan ƙasa a gonarmu kusa da Mirya, can muke zuwa hutu. Bara soron ya yi yoyo har tabarmi suka ruɓe. Yaya zan yi bana?

Amsa: Hajiya, kada ki jira hadarin Yuni. Tun da bazara ki sa magini ya hau ya sake yaɓe. Amma sau da yawa indararo ne mai laifin. Nawa sheƙar tsuntsu ce ta toshe shi, ruwan Agusta ya kwanta a rufi har ya jiƙa azara. A zura sanda a share shi. Ki duba gindin bango kuma, in kin ga hanyar gara a kankare ta nan take.