Amsa: Kallon Kofin Duniya da shirin fara koyarwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kallon Kofin Duniya zai hana ka shirin shiga aji karon farko. Ba zai hana ba, sai in ka ce kowane wasa sai da kai. Gasar 2026 ta Amurka, Kanada da Meziko ƙasashe 48 ne, wasanni 104. Kowanne yana cin kusan awa 2, ka ga awa 200 da ɗoriya ke nan. Zaɓi ƙasar da kake goyon baya, sauran ka jira zagayen sili-ɗaya-ƙwale.

Safiya kuwa ta manhaja ce. Rubuta tsarin darasin makon farko, sannan ka tashi tsaye ka koyar da shi da babbar murya kana duban agogo. Darasin da ya cika takarda sau da yawa cikin minti 15 yake ƙarewa, ka tsaya yara na kallonka.

In lissafi za ka koyar, ajiye teburin rukuni: maki 3 ga nasara, 1 ga canjaras, bambancin ƙwallaye kuma ya isa misalin lambobin ƙasa da sifili. Ihun cin ƙwallo dai a rage, muryar nan za a neme ta.